Notin da Ya Faɗa Cikin Jirgi

Abu Tamir,

An kira ni asibiti, ba zan iya jiran dawowarka daga Akaba ba.

Ɗazu ƙanenka Zuhair ya zo gareji ya ɗaura fitilun cikin jirgin saman nan naka da kake haɗawa, jajayen nan biyu na saman kujeru. Sun kama. Amma da na kai masa gahawa, a kan idona noti ɗaya ya suɓuce masa ya faɗa ƙarƙashin daɓen jirgin, wajen igiyoyin ƙarfen da ke juya wutsiya. Ya laluba har ya gaji, sai ya ɗauko wani ya ɗaure. Wai, "Ummu Tamir, don girman Allah kada Yaya ya ji, bai fi ƙwayar wake ba."

Na yi masa alkawari, ga shi na karya. Kai da bakinka ka ce ko allura ce ta maƙale a wurin, jirgi ba zai juyu a sama ba.

Ka kwance daɓen kafin tashin gwajin Juma'a. Kada ka yi masa faɗa gaban Mama.

Makullin jirgin yana jakata. Ka sa min notin a tafin hannu, in ba ka.

Ummu Tamir