Dodon Bakin Ruwa

Asabar, bayan sallar isha'i

Alhamdu lillahi dai.

Yau na kai Inna lambun shaƙatawa na bakin ruwa, don tunda ta zo ƙasar Yarbawa daga Katsina ba ta leƙa ko ƙofar unguwarmu ta Sabo ba. Muka tafi da 'yata Ummi, muka shimfiɗa tabarma a inuwa. Ina zuba wa Inna kunun aya, na waiga, babu Ummi. 'Yar shekara huɗu, ga ruwa a gabanmu!

Na yi ta kira har muryata ta dushe. Wata Bayarbiya da ke zaune kusa ta nuna bakin ruwan, ta ce, "Dodo, dodo!"

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Dodon ruwa ya ɗauke ta!"

Abin haushi, ni ma haka na ji. Ni da nake sayen dodo a garin nan, na san sarai soyayyar agada suke nufi, amma tsoro da Hausa yake ji. Na zura da gudu ba takalmi.

Can na sami Ummi tsugune gaban mai suyar dodo, baki duk mai, tana zuba Yarbanci. Na rasa duka zan yi ko kuka. Kukan na yi.

Inna ta ɗanɗana ɗaya, ta ce, "Garin da ake soya dodo a cinye, ai sai a bar muku."

Ummi ta yi barci, hannunta duk ƙanshin suya. Ban wanke mata ba, sai sansanarsa nake yi.