Lungun da Makara Ba Ta Iya Juyawa

Zuwa ga Yallaɓai mai awon filaye, wanda ya yanka mana sabuwar unguwa a gefen Bodinga.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa irin ta talaka ga shugabansa, tare da fatan iyali lafiya.

Ni tela ne, Yallaɓai. Awo sana'ata ce kamar yadda yake taka, don haka ba zan yi maka maganar jahilci ba.

Na farko. Lungunmu kamu uku ne da ɗan ɗoriya, da tef ɗina na auna. A takardar da aka nuna mana lokacin da muka karɓi fili, wurin nan titi ne da amalanken shanu zai wuce. Daga baya aka dinga gutsurar titin ana ƙara wa masu ido da kwalli, har ya koma abin da ya koma, ga kuma kwana har guda biyu da sai an karya a cikinsa. Ni in na tsuke wa mutum riga haka, a fuska zai jefo mini ita.

Na biyu, shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Mahaifiyata ta rasu a cikin azumin bana. Makara ta shigo a karkace tun tana wayam, ba wanda ya kawo komai a ransa. Da aka shirya Inna muka ɗauko ta, sai muka cije a kwanar farko. Aka yi gaba, aka yi baya, aka ɗaga, abu ya ƙi. Daga ƙarshe sai da muka sauke ta a ƙasa kusa da kwata, muka cire ta daga makarar, mutum uku suka hau katangar maƙwabcinmu muka miƙa musu ita. Ta garken awakinsa aka fita da ita, likkafaninta ya kwashi jar ƙasa. Ni na ɗinka likkafanin nan da safiyar ranar.

Na uku. Akwai kangon fili ɗaya a bakin kwanar, wanda in an buɗe shi za a fita kai tsaye zuwa babbar hanya. Makon jiya yaranka sun zo sun kafa masa turaku, wai an yanka wa wani zai yi shaguna. Na je ofishinka sau uku, kullum a ce ka tafi Shagari duba aiki. Wallahi abin ya ba ni ƙyama.

Mahaifina yana kwance ba lafiya, kuma a gabansa aka yi na Inna. Jiya ya kira ni ya ce, "Na ga abin da anka yi da uwarku. Ku maishe ni ƙauyenmu Mandera tun ina da rai, can akwai hanya." Tsoho ya gwammace ya bar 'ya'yansa da asibiti saboda lungu.

Roƙona biyu ne. A tuge turakun nan, a bar kangon ya zama hanya. In kuma kana shakkar maganata, ka zo da tef ɗinka, makarar tana masallacinmu, ka auna ta ka auna kwanar.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ranar da za a fito da kai kuma, Allah Ya sa ta ƙofa za a bi.

Wassalam.

Naka, Umaru Tela, Bodinga.