Rubutun Bangon Da Baba Ya Kasa Karantawa

Anti Mu'mina, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Mahaifina malamin allo ne a unguwar Yara, nan Keffi, ya tsufa, ga ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Kakansa ya gina wani ƙaramin masallacin ƙasa a ƙofar gidanmu, mai rufin azara da zanko a kowace kusurwa. An rushe shi tun ina yarinya aka yi na siminti, kuma ba wanda ya ɗauki hotonsa. Tun da ya kwanta ba shi da zance sai na masallacin, har yana cewa da zai sake ganinsa sau ɗaya, da ya ji sanyi.

Ni da karambanina sai na buɗe manhajar nan ta AI mai zana hoto, na siffanta mata. Ta ba ni na marmara da ƙubba kamar a Turkiyya. Na ce na ƙasa nake so, ta kawo wani a tsakiyar sahara har da raƙumi, sai ka ce a Keffi muna da su. Da ƙyar na samu mai ɗan kama, sai dai ta yi rubutun Larabci a saman ƙofar. Ban kula ba na kai masa.

Anti, Baba bai ko kalli ginin ba. Rubutun ya tsura wa ido, yana bi da yatsa, leɓensa na motsi, ya kasa. Sai hawaye. Na yi masa bayani cewa na'ura ce ta zana, ya ce rubutun da ke kan ƙofar masallaci aya ce, in ya kasa karanta ta to Allah ya karɓe karatunsa. Tun ranar bai sake buɗe Alƙur'aninsa ba, abinci ma sai da magiya. Ina tsoron ya tafi da wannan a ransa, kuma ni na jawo. Yaya zan yi?

'Yar Malam, Yara

'Yar Malam, share hawayenki. Ƙauna ce ta sa ki, sai dai kin yi gaggawa: duk abin da ke da harafin Larabci, a duba shi kafin a miƙa wa malami. Manhajar ta fi ganin hotunan masallatan ƙasashen waje, irin na kakanku kaɗan ta gani. Haruffan kuma sau da yawa siffarsu take kwaikwaya, shi ya sa suke fitowa ba ma'ana. Shi ma Baba da gaskiyarsa, duk rayuwarsa bai taɓa ganin rubutu a masallaci wanda ba ya karantuwa ba.

Daina yi masa bayanin na'ura, ba zai shiga ba. Nemo wani sa'ansa da ya yarda da karatunsa, ya zo gaishe shi, a ba shi hoton a gaban Baba. In Baba ya ga shi ma ya kasa karantawa, zuciyarsa za ta fara saki. Daga nan ki goge hoton. Batun abincin kuma a kai shi asibiti, a duba har da idonsa.

Sannan ki ɗauko izunki ki zauna kusa da shimfiɗarsa, ki yi karatu da ƙarfi. Ba sai kin ƙirƙiri kuskure ba, zai zo da kansa. Malamin allo ba ya iya jin an karya madda ya yi shiru, ko da zazzaɓi a jikinsa. Ranar da ya katse ki ya gyara miki, kada ki ce komai, ki maimaita yadda ya faɗa kawai.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki.

Anti Mu'mina