Ƙwan da ka aiko mini

Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan kamun kifinka. Yaya zafin teku, yaya tarin nan naka? Mu nan unguwar Utaibiyya a Makka lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ƙwan da ka aiko wai maganin ciwon gwiwa ne, ban ci ba. Dattijon tsibirinku, Baba Salihu, ya zo Umra, ya neme ni har gida. Shi ya gaya mini na kunkurun teku ne, kuma kunkurun na ƙarewa. Ya ce duk ramin da macen ta yi ƙwai, mutanen tsibirin sukan kafa sanda su ɗaura jan ƙyalle, gida-gida suna karɓa-karɓar gadi har a ƙyanƙyashe. Kai kuma ka bi ƙyallen ka tona rami biyu.

Habibu, mutanen da suka ba ka ɗaki da abinci? Bawan Allah yana magana a hankali, ni ko shayin da na zuba masa na kasa kallo don kunya. Ban raine ka da cin amana ba, kuma kada ka ce don ni ka yi.

Matasansu sun so kai ƙararka, ka san iƙamarka ta zama a ƙasar nan ba za ta tsira ba. Baba Salihu ne ya hana su, ya ce su jira sai ya dawo. Ranar Asabar zai iso. Ka tare shi a bakin ruwa, ka roƙi gafara a gaban kowa, ka karɓi gadinka.

Ka gaida matarsa. Ka sa ni a addu'a, ni ma ina roƙa maka shiriya a Harami. Kada ka kira ni sai ka yi hakan.

Mahaifiyarka