Ɗankwalin Mama da Aka Warware

Rotterdam, Holan, 9 ga Yuli

Zuwa ga yayata abin ƙaunata, Sisa Wonnie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Humphrey da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau, 'yarki Sherida ta gama jarrabawa, ni kuma ina ta fama da aikin asibiti.

Sisa, raina a ɓace nake rubuto miki. Kin tuna angisar Mama, ɗankwalin nan ja da fari da ta ɗaura da hannunta kafin ta kwanta ciwon ajali, wanda na taho da shi daga Paramaribo cikin kwali a kan cinyata? Shekara goma sha ɗaya yana saman kwabata, sitacin rogo ya riƙe shi ƙam, ko fil ɗaya ban taɓa zarewa ba. To, an warware shi.

Bana makarantar su Sherida ta fara koyar da tarihin bauta da na ƙasarmu Suriname sosai, ba layi biyun da aka yi mana a zamaninmu ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da a da ba ta son in ambaci garinmu gaban ƙawayenta, sai ga ta tana tsare ni a kicin, wai a wace gona kakanninmu suka yi bauta, wai me ya sa ban taɓa gaya mata ba. Da malamarsu Van Dalen ta ce kowa ya kawo wani abu na gidansu don bikin tunawa da 'yanta bayi, Sherida ta yi ta naci har na ba ta ɗankwalin.

Ran bikin na duba tebur ban gan shi ba. Ashe yana jikin bango cikin gilashi, a shimfiɗe, an wanke an goge sumul. Malamar ta tare ni da fara'arta, wai ta ga ya yi ƙura ya cukurkuɗe, shi ne ta kai gida ta gyara don mutane su ga kyan zanen. Na ce mata, baiwar Allah, ai ɗaurin shi ne maganar, ƙyallen kuwa ko a kasuwar unguwarmu sai ki saya. Da ɗaurin nan iyayenmu suke faɗin abin da aka hana bakinsu faɗa. Fuskarta ta yi ja wur, ta shiga ba da haƙuri har da hawaye, ƙarshe ni na koma ina lallashinta. Kin ji takaici! Wata uku tana koyar da tarihinmu, amma ba ta ga ya kamata ta ɗaga waya ta tambayi ko mutum ɗaya a cikinmu ba.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa a hanyar gida ya faru. Sherida ta dafa ni, wai in daina kuka, ai sai in sake ɗaurawa kawai. Ban iya ba, Sisa. Duk sanda Mama ta kira mu da kwanon sitaci, ke kike zama, ni in sulale, wai ni Holan za ni, me zan yi da kayan tsofaffi. Na tsaya gaban jama'a ina yi wa baƙuwa faɗan rashin sani, alhali ni da aka haifa a ciki ban fi ta da komai ba.

Don haka na saya wa Sherida tikiti, za ta zo miki hutun Agusta da ƙyallen a jakarta. Don Allah kada ki ɗaura ki ba ta ta kawo mini. Ki zaunar da ita, ta ɓata, ta warware, ta sake, har hannunta ya zauna. In ta dawo, ni zan zauna a gabanta ta koya mini.

Ki gaishe da gwaggonmu Tante Jetty, da Humphrey, da Orlando da amaryarsa. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Urmie