Na Gyara Mijina Har Na Daina Gane Shi

Gwaggo Hure, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ban san ta inda zan gajarta ta ba. Ki sakaya sunana da na ƙauyenmu. Muna ƙasar Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona, gida ke jingine da gida, ba a yin tari a ɓoye. Sunan mijina kuwa ki bar shi yadda na rubuta, masu suna Sabo suna da yawa a ƙasar nan.

Shekarata talatin da huɗu, 'ya'yana uku. Mun yi shekara goma da Sabo, yau shekara huɗu da rasuwarsa. A shekarar da takin zamani ya gagari talaka, rumbunmu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, sai ya sake tafiya ci-rani Kudu yana turin baro. Zazzaɓin kwana uku ya yi. A can aka binne shi, abokin tafiyarsa Badaru ne ya bugo waya ya faɗa wa yayansa. Ban ga gawarsa ba, ban san kabarinsa ba, kuma bai bar mini sallahu ko na kalma ɗaya ba.

Bayan na fita takaba na ci gaba da zama da Inna, mahaifiyarsa, ina soya ƙuli-ƙuli ina matsar mai. Da gyaɗa ta yi tsadar da ba ta sayuwa, sana'ar ta tsaya. Ƙanwata da ke aure a Bici ta san tun muna makaranta ina son rubutu, sai ta ba ni tsohuwar wayarta, ta sa ni a wani guruf da ake koyar da rubuta littattafan soyayya. Malamarmu Anti Sakinatu ce, marubuciya a cikin birni. Tun yanzu in faɗa miki, ba muguwa ba ce. Ta koya mini da zuciya ɗaya.

Da aka ce kowa ta kawo fejin farko, ni ban san wani namiji ba sai ɗaya, shi na rubuta. Na buɗe labarin da mutum yana cika mangala da taki da sassafe, yana ɗora wa jaki zai kai gona. Na sa masa suna Sabo. Gwaggo, shekara goma bakina bai taɓa furta sunan nan ba, kin san al'adarmu, amma ranar na rubuta shi ya fi sau ashirin, ina rubutawa ina share hawaye. Har na tara yaran na ce musu labarin babansu nake rubutawa.

Anti ta turo saƙon murya tana dariya har tana shaƙewa. Ta ce matar da ta wuni tana shaƙar warin taki ba za ta buɗe waya don ta tarar da jaki a ciki ba. Daga nan karatu ya fara. Na koyi cewa ba a cewa mutumin labari, jarumi ake cewa. Jarumi miskili ne, magana wahala take masa, amma in ya buɗe baki sai zuma. Ba ya shigowa ɗaki sai ƙamshin turarensa ya riga shi. Ba ya rufe ido, lumshewa yake. Ba ya numfashi kamar sauran bayin Allah, ajiyar zuciya yake saukewa. In ransa ya ɓaci idanunsa su kaɗa su yi jajir. Dole ya tsani jarumar a farko, ya yi mata tsawa a kan matattakalar bene, sannan ta kwanta ciwo ya ruɗe ya ɗauke ta cak zuwa asibiti. Ita kuma ta iya shagwaɓa da turo baki, gashinta har gadon baya, ko da 'yar aikin gidan ce. Na cika littafi guda da irin waɗannan, ina haddacewa kamar mai shirin jarrabawa. Ban yi ƙasa a gwiwa ba, cikin wata biyu na zama wadda Anti ke kafa misali da ita.

Sai aka fara gyaran Sabo. Da sunan aka fara, ta ce ba sunan jarumi ba ne, ya koma Khalil. Jakin ya zama baƙar mota. Faso ya bar ƙafarsa, kantar hannunsa ta baje, aka ƙara masa tsawo da hanci da saje. Akwai inda na rubuta yadda duk shekara yake yanko zangarniyar geron da ta fara nuna, ya gasa tumu, ya ajiye mini a kan turmi ya wuce bai ce komai ba. Wannan ya koma ayis kirim a wani wuri mai sanyin na'ura. Inda na ce yakan nome gayaunata kafin ya taɓa gandu, ya ce wai hanya ce ta biyo da shi, aka ce gida zai saya wa jarumar a Abuja. Kowane gyara in na yi, masu karatu sai su ƙaru. Ba zan yi butulci ba, littafin nan ne yake ɗora mana tukunya yanzu.

Ga inda ciwon yake. Da na gama sanin yadda ake so a littafi, sai na fara auna Sabo da shi, ban ma san na fara ba. Bai taɓa ce mini yana sona ba, ko sau ɗaya. Bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. Ke yake ce mini, in a gaban mutane ne ya ce mutanen gida. A ƙofar gida yake cin tuwonsa da maza. Ranar da na haihu, bayan zana ya tsaya ya yi gyaran murya, ya tambayi Inna ko an sauka lafiya, ya juya. A ƙa'idar da na koya, irin wannan shi ne mijin da jaruma take gudu ta bari. Da can ban taɓa tambayar kaina ko yana sona ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar ko ƙasa za ta riƙe ƙafarsa. Yanzu tambayar ta zauna mini a ƙirji. Abin da ya fi tayar mini da hankali, in na so tuna fuskarsa, hancin Khalil da sajensa nake gani. Hotonsa ɗaya ne, na jikin katin zaɓe, shi ma ya dushe.

Da a kaina abin ya tsaya da na haɗiye. Babbar 'yata shekararta goma sha ɗaya, 'yar fari ce, ko sunanta ba na kira, hira ma ba ta cika haɗa mu ba. Tana da shekara bakwai ya rasu, kuma rabin waɗannan shekarun yana ci-rani. Makon jiya na aike ta ta karɓo wayar daga wurin caji, ashe a hanya ta zauna a gindin kuka ta karanta feji da yawa. Da ta dawo ta tsaya kusa da ni kanta a ƙasa, ta tambaye ni ko da gaske Baba ya durƙusa a gabana ya ce in babu ni ba zai rayu ba. Gwaggo, na ga yadda fuskarta take haske. Na ce mata e.

Tun ranar yarinyar nan take cikin murna. Ta faɗa wa ƙawayenta, ta je ta tambayi kakarta. Da yamma ina tankaɗe Inna ta zo ta wuce ta gabana, ta ce ita ɗanta bai taɓa durƙusa wa kowa ba sai Allah da iyayensa, kuma ba ta san wannan baƙon da aka kawo mata gida ba. Yau kwana shida gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Saura babin ƙarshe, Anti tana jira, masu karatu suna jira. Hannuna ya ƙi rubutu. In na faɗa wa yarinyar gaskiya, na ƙwace mata uban da ta samu, na ba ta wanda ni kaina yanzu ban san ko ya so ni ba. In na yi shiru, Sabo ya tafi ke nan, har a cikin gidansa. Ina cikin baƙin ciki ƙwarai, kuma ina jin kunyarsa ko da ba ya nan. Me zan yi?

Taki,
Mai alƙalami daga ƙasar Tsanyawa

*

'Yata, Allah ya ji ƙan Sabo, ya sa can ta fi masa nan. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Share hawayenki mu yi magana, don abin bai lalace yadda kike zato ba.

Bari in fara da wanke malamarki. Kowace sana'a da ƙa'idarta, kuma ita kasuwarta ta sani. Matan da ke karanta ki suna cikin irin matsin da kike ciki, suna neman inda za su ajiye kai na ɗan lokaci, kin ba su. Wannan ba zunubi ba ne, ba kuma cin amanar mamaci ba ne. Ki zauna ki rubuta babin ƙarshen nan. Ki bar Khalil ya lumshe idonsa ya sauke ajiyar zuciyarsa, a ɗaura aure kowa ya watse. Ba mijinki ba ne, tun ranar da aka sauke mangala ya daina zama shi. Ina ganin hannunki ya ƙi ne saboda har yanzu kina ɗauka a bakin Sabo za ki sa maganar. Kada ki kashe abin da yake ciyar da marayu.

Sai tambayar da ta zauna miki a ƙirji. Ba zan ce miki kalma ba ta da daɗi ba. Tana da shi, kuma ba laifi ba ne ki ji zafin rashinta. Mazan da ke leƙa filin nan su ji da kyau, ba a ajiye magana mai daɗi sai gobe. Amma ki yi wa mutumin nan adalci. Ke ma shekara goma ba ki kira sunansa ba, kuma na tabbata ba ki taɓa buɗe baki kin ce kina sonsa ba. In wani ya zo yau ya ce wannan shaida ce ba ki so shi ba, za ki yarda? Tarbiyya ɗaya aka yi muku, kunyar da ta ɗaure bakinki ita ta ɗaure nasa. Ba a auna gero da yadin atamfa. Ni ban san Sabo ba, ba zan rantse a kan zuciyarsa ba, amma manomin da zai bar gandu ranar noman fari ya shiga gayaunar matarsa, ya kuma ƙirƙiro ƙaryar hanya don kada a gane, na san abin da ake kiran wannan a ƙauyenmu.

Kuskurenki ɗaya ne, kuma na uwa ne. Kin ce wa yaran labarin babansu ne lokacin da gaskiya ne, da ya daina zama gaskiya ba ki koma kin faɗa ba, sannan kika ce e don kada hasken fuskar yarinya ya dushe. To gyaransa yana hannunki, kuma kada ya wuce makon nan.

Ki fara da Inna. Ki same ta a ɗakinta ki ba ta haƙuri, ki faɗa mata baƙon na kasuwa ne, ba ɗanta ba ne. Tsohuwar nan ba fushi take da ke ba, tsoro take kada a manta mata da ɗa tana raye. Ki roƙe ta ta ba ki labarinsa tun yana yaro, da abin da ya ce ranar da ya fara kawo maganarki gida. Ki aika a nemo Badaru, a gaban yayan mijinki, ya faɗi yadda suka zauna a Kudu da abin da yake yawan ambata. Wata amsar za ta yi miki daɗi, wata ba za ta yi ba, ki karɓa duka. Ki samu littafin rubutu na daban ki zuba su ciki da irin Hausarki ta farko. Wannan ba na guruf ba ne, na 'ya'yanki ne. Fuskar da kike nema kuwa, ki dubi yaran da kyau, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da ita.

Sannan yarinyar. Na san nauyin 'yar fari, don haka kada ki zaunar da ita kuna kallon juna. Ki jawo ta aiki, ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, hannu yana aiki baki yana magana. Ki ce mata abin da ta karanta ƙirƙira ce, kuma kin yi kuskure da kika ce mata e. Kada ki tsaya a nan, nan take ki ba ta na gaskiyan, da jakinsa da fasonsa da shirunsa. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, ta ji kunyar ƙawayenta. Ki bar ta, zai wuce. Abin da ba zai wuce ba shi ne ta girma tana jiran mai durƙusawa, mutumin kirki irin ubanta ya zo ƙofar gidanku ta kasa gane shi. Ta riga ta rasa uba sau ɗaya ba da laifin kowa ba, kada ki bari ta sake rasa shi a hannunki.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya daidaita ki da Inna, ya raya marayun nan, ya sa wa alƙalaminki albarka. Ya kawo mana sauƙin wannan zamani baki ɗaya.

Gwaggonki,
Hure