Na Sayar da Hannun Jarinka

Abban Hanifa,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma na gaji da yi wa masu rai bayani.

Hanifa ta shiga aji biyu. Muna nan ƙasar waje inda ka bar mu, amma mun tashi daga unguwar Bin Mahmud, don da gasar cin kofin duniya ta matso sai mai gidan ya ce baƙi zai zuba. Yanzu muna unguwar Al Wukair can bayan gari, kullum a makare nake isa aiki asibiti. Hajiyarka tana Zariya, ciwon ƙafar nan dai bai bar ta ba.

Ka tuna ranar da ka shigo kana murna, kamfanin ƙera tauraron ɗan'adam ya ɗauke ka, wani ɓangare na albashin kuma hannun jari ne? Ka ce mu daure, ranar da kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari mun huta. Korona ta riga wannan ranar zuwa. Ko gawarka ba a bar ni na gani ba.

An raba gado duka, saura wannan jarin. Ta yaya za a fitar wa Hajiya rabonta daga abin da ba ya sayuwa? Yayanka Sani yana kira duk Juma'a. Bai taɓa faɗa min baƙar magana ba, amma ina ji a muryarsa yana zaton na danne wani abu. Na gaya masa jarin ba ya sayuwa sai da yardar kamfanin, ya ce shi bai taɓa jin dukiyar da mai ita ke neman izini ba. Wani dillali ya samo mai saye, kamfanin ya ce shi ke da haƙƙin fara tayawa, aka yi ta jan magana har mutumin ya janye.

Watan jiya mutanen kamfanin suka aiko cewa za su saya daga hannun ma'aikata da magada, a farashin da bai kai yadda kake buri ba. Abokinka Bashir ya ce mu jira, zai tashi. Mu jira har yaushe? Na kira gida. Hajiya ta ce a sayar, tana so ta ga an sauke maka nauyi tun tana da rai. Na sa hannu.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun farko ban yarda da jarin nan ba, na yi shiru ne don yadda fuskarka ke washewa in kana zancensa. Amma da na sa hannun sai da na yi kuka a wurin aiki. Duk wahalar da kamfanin ya ba ni, su kaɗai suka rage masu aiko saƙo da sunanka. Yanzu su ma za su daina.

Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Taka har yau,
Maman Hanifa